Kujerar Bayan Kyaftin

Sallama gare ku, masu biye da ni a wannan shafi. Jiya wata baiwar Allah ta turo mini saƙo, wai, "Tayyiba, ke kullum jirgi, jirgi, yaushe za mu ci shinkafar biki?" To 'yar uwa, gyara zama. Yau akwai jirgin, akwai maganar bikin, amma shinkafa kam ban yi miki alkawari ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: ni 'yar Gumel ce gaba da baya, shekarata ashirin da takwas, wanda a lissafin Gwaggo Rakiyya, yayar babana, saura ƙiris in fara karɓar fanshon 'yan mata. Ina aiki a Kano, a wani ɗan kamfanin jiragen sama da nake kira Shamuwa. Sunayen da ke labarin nan duk na aro ne, har nawa, don haka kada wani ya hau adaidaita a Gumel yana cigiyar gidan Malam Hudu.

Ba na tuƙa jirgi, ba na kuma raba wa fasinja lemo. A sashen kiyaye haɗurra nake. Bara shugabarmu, Anti Ummulkhair, ta kawo wani tsari da sai da ta yi wata takwas tana kai ruwa rana da manya kafin su sa hannu. Tsarin shi ne a riƙa sa mutum ɗaya a cikin ɗakin tuƙi, a kan wata 'yar kujera mai naɗewa da ke bayan matuƙan biyu, ya bi su tafiya irin ta kullum, ya rubuta abin da ya gani: me ya taso musu, wane kuskure aka yi, wa ya lura, yaya aka gyara. Ba jarrabawa ba ce. Ba a rubuta sunan kowa, ba a hukunta kowa, kuma kyaftin yana da ikon ya ce ba ya son ka a bayansa, ka naɗe takardunka ka fita. In an tara tafiya da yawa sai a zube su wuri ɗaya, a ga inda kamfanin gaba ɗaya yake ɗingishi.

Mu shida aka horar. Ranar da muka gama, Anti ta tsare mu da ido ta saman tabarau ta ce, "Abin da kuka gani a kujerar nan amana ce. Ranar da ɗayanku ya kai sunan wani matuƙi gaba, ranar tsarin ya mutu, don babu wanda zai ƙara sakin jiki a gabanku." Anti, in kina karantawa, ba ni ba ce, wata ce mai irin muryata.

A wannan kujerar na fara ganin ƙeyar Abdulbaƙi. Ƙeyar fa na ce, don ita na yi wuni guda ina kallo kafin in san yana da wushirya.

Wata Talata ce da daminar bara, daga Kano za mu Abuja. Babban matuƙin ranar shi ne Kyaftin Shehu, shekara talatin da ɗaya yana tuƙi, farin gemu a gyare tsaf, ƙamshin turarensa yana riga shi shiga ko'ina. Ya dube ni daga hijabi zuwa takalmi ya ce, "Ke ce 'yar sandan da aka turo mana?"

Na rusuna na ce, "A'a ranka ya daɗe, ɗaliba ce."

"To ɗaliba, zauna ki koya."

Mataimakinsa, wato Abdulbaƙi, shi ne ya nuna mini yadda ake sauke kujerar da ɗaura bel ɗinta, bai ko kalli fuskata ba. Na lura in zai miƙa wa Kyaftin takarda, da hannu biyu yake miƙawa, har da ɗan sunkuyar da kai, a wurin da ko miƙe ƙafa ba a iya yi. Na ce a raina, wannan ɗan gidan tarbiyya ne. Ban san tarbiyyar ce za ta zame mini ciwon kai ba.

Tafiya ta yi lafiya lau har muka doshi sauka. Hadari ya haɗo ta gefe, iska na turo mu ta baya, muka zo a sama fiye da kima, da gudu kuma fiye da kima. Ƙa'idar kamfani a fili take, ko ni da ba na tuƙi na haddace ta: in an sauko saura ƙafa dubu ɗaya a taɓa ƙasa jirgi bai daidaita ba, duk wanda ya gani cikin su biyun, babba ne ko ƙarami, zai faɗa da babbar murya, a fasa saukar, a koma sama a sake zagayowa. Minti goma ne kawai da ɗan mai.

Abdulbaƙi ya gani. Na san ya gani, don ina kallon yatsansa yana dukan gwiwarsa. Ya kalli agogon gudu, ya kalli Kyaftin, ya sake kallon agogon. Sai ya ajiye Turancin aiki ya koma Hausa, murya ƙasa-ƙasa kamar mai roƙon gishiri a maƙwabta.

"Baba... Kyaftin, iskar nan fa yau da ɗan ƙarfinta."

"Na gani," in ji Kyaftin, ya ci gaba da abinsa.

Mun sauka. Sai da muka cinye kusan rabin titin kafin tayoyi su taɓa ƙasa, aka danna birki har birona ya fice daga hannuna ya shige ƙarƙashin kujerun gaba. Ta bayan ƙofa ina jin salatin fasinjoji. Jirgi ya tsaya da sauran titi a gabansa, amma ba mai yawa ba. Kyaftin ya yi dariya ya ce, "Rubuta, ɗaliba, rubuta." Da fensir na rubuta: mataimaki ya ga matsalar, bai kira ta da sunanta ba. Kuma tunda gaskiya muke faɗi a shafin nan, ni ma ban buɗe baki ba. An ce mu yi shiru sai in rai na cikin haɗari, na fake da wannan.

Bayan sati biyu ina cin shinkafa da wake a kantin ofis, sai ga mutum tsaye a kaina da biro a hannu.

"Malama, kayanki. Ba a barin abu yana yawo a ƙarƙashin ƙafar matuƙi, tun ranar na tsince shi."

"Tun ranar? Sati biyu kana yawo da biron da kamfani ke rabawa kyauta?"

"Ina neman lokacin da ya dace."

Ya yi murmushi, wushiryar ta fito, ni kuma na ƙware da ruwa. Ku riƙe wannan magana tasa ta lokacin da ya dace, za ku sake jin ta.

Abin da ya sa na ba shi lambata ba wushiryar ba ce kaɗai. Bai taɓa tambayata me na rubuta a kansa ba, ko sau ɗaya, alhali wasu matuƙan har tsire suke saya mana don mu ɗan tsegunta musu. Da na ga abin ya wuce gaisuwa na je na faɗa wa Anti, ta cire ni daga duk jirgin da zai tuƙa, sannan ta tambaye ni ankon wane launi za mu yi. A hankali na san sauran. 'Yan Sule Tankarkar ne, nan maƙwabtanmu. Kyaftin Shehu ƙanin mahaifinsa ne, shi ya ɗauke shi yana shekara tara bayan rasuwar uban, shi ya kai shi makarantar tuƙi. Na kuma ji cewa tun daga waccan Talatar Kyaftin bai ƙara yarda wani cikinmu ya zauna a bayansa ba.

Da muka tara tafiya tamanin muka zube, abin da ya fi fitowa ba lalacewar inji ba ne, ba kuma rashin iya tuƙi ba. Kunya ce. Ƙananan matuƙa suna gani, sai su yi tari, ko su kama zancen iska. Anti ta buɗe aji, ana zaunar da babba da ƙarami a kujerun roba, a ce ƙaramin ya kalli idon babban ya ce, "Ban yarda ba, ga dalilina." Ranar da layi ya zo kan Abdulbaƙi, Kyaftin bai zo ajin ba, sai da kujerar da babu kowa ya yi nasa. An ce ya faɗa mata da ƙarfi, har da nuna yatsa.

Sharaɗina ga Abdulbaƙi ɗaya ne tun farko, kuma hirar tana nan a rubuce a wayata.

"Ni fa ba zan bar aikina ba. Shekara huɗu na yi ina neman shiga."

"Aikinki naki ne, Tayyiba. Ko an ɗaura, ko an haihu."

"Ka faɗa wa Baba Kyaftin?"

"Zan faɗa. Ina neman lokacin da ya dace."

Wata biyar ke nan da wannan hira. Lokacin bai dace ba har aka sa ranar da manyansa za su zo Gumel neman aure.

Na iso gida ranar Juma'a da la'asar, gero ya fitar da kai a gonakin bakin hanya. Gidanmu ya koma tashar mota. Gwaggo Rakiyya ta taso tun daga Maigatari da kwalla uku na dubulan da alkaki, ta baje a rumfar tsakar gida tana ba da umarni kamar ita ta gina gidan. Umma tana jiƙa shinkafar waina, turaren wuta ya cika ɗakuna, an wanke labulen falon Baba wanda rabonsa da ruwa tun bikin yayata.

Gwaggo ta kama hannuna ta jujjuya. "Dubi hannu kamar na bakanike. Zauna a sa miki lalle. Ke dai Allah ya rufa miki asiri, 'yar nan. Matuƙin jirgin sama guda, ɗan asali, ko sigari ba ya sha. Mun yi bincike har ɗakin kakarsa. In suka ce ki zauna a gida, ki zauna. Aikin da kika yi ya isa haka."

"Gwaggo, ai ba su ce ba."

"In sun ce, na ce."

Da lallen a hannuna Baba ya aiko kirana. Babana tsohon sufeton makarantun firamare ne. Shekara ashirin da biyu ya yi a kan babur tsakanin Gagarawa, Ɗanzomo da ƙauyukan bakin iyaka, yana zama a bencin ƙarshe na aji yana rubutu. Mutane suna cewa shi na gado, sai dai nawa ajin a sama yake.

Na same shi a kan darduma, rediyonsa a gefe. Na durƙusa daga bakin ƙofa, hannuwa a sama don kada in ɓata masa kafet.

"Uwata," haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "mun tambayi liman, mun tambayi maƙwabta, kowa ya yabi yaron nan. Amma an ce kin taɓa zama a bayansa yana aiki, kuma mutum a bakin aikinsa ake saninsa. Me kika gani?"

 Ga ubana yana tambayata, ga amsar a bakina, kuma ita ce ainihin abin da yake damuna game da Abdulbaƙi. Da na faɗa, na san Baba zai san yadda zai yi da su gobe.

"Baba, ka gafarce ni. Abin da na gani a kujerar nan ba nawa ba ne, ba zan iya faɗa ba."

"Ko ni?"

"Ko kai, Baba."

Sai ya ce, "Wani attajiri ya taɓa zuwa yana so in gaya masa yadda wani malami yake a aji, don zai ba shi 'yarsa. Na ce ya je ya tambayi liman. Shekara uku bai gaishe ni ba." Ya ƙara muryar rediyonsa kaɗan. "Tashi ki je, kada lallenki ya zube."

Asabar da hantsi suka iso. Na sa atamfa ruwan ganye, ɗinkin riga da siket, mayafi ruwan madara, na sha humra har Umma ta yi atishawa, duk da na san babu wanda zai gan ni, don a irin wannan rana yarinya ɗaki take shiga ta lafe. Ta tsagar ƙyauren gida na leƙa. Kyaftin ya fito cikin babbar riga ta farar shadda, aiki har ciki, tare da dattawa biyu, aka sauke huhun goro da katan ɗin alawa. Abdulbaƙi ne ya tuƙo su. Ya buɗe musu ƙofa, ya koma ya gyara fakin a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu, ya zauna a cikin motar. Haka al'ada take, mai neman aure ba ya shiga inda manya ke maganarsa, ko tarinsa ba a so a ji.

Saƙonsa ya shigo: "Mun iso. Ina jin ƙamshin waina daga nan."

"Ka faɗa masa?"

"A hanya na so, sai ya kama waya har Ɗanzomo."

Daga Ɗanzomo zuwa Gumel fa? Ban tambaya ba, na san amsar.

Falon Baba yana da wata 'yar taga ta baya da ke kallon lungun randunanmu. Tun muna yara, duk wanda ke son jin sirrin gidan nan ƙishirwa ce take kama shi. Na ɗauki moɗa na tafi.

An gaisa, an tambayi damina, an yi addu'a. Baffa Yahuza, ƙanin Baba, wanda shi ne waliyyina, ya ce an ji, an kuma yi murna. Ina cewa an gama, sai Kyaftin ya gyara murya.

"Sai abu ɗaya, Malam, gara a faɗe shi yau, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yarinyar nan wurin aikinmu ɗaya, kuma aikinta shi ne ta zauna a bayanmu tana rubuta kurakuranmu. To in ta zama surukata fa? Matar ɗana, wadda ko sunana ba za ta iya faɗa ba, wadda in ta hango ni za ta sauya hanya, ita ce za ta shiga ɗaki kamar akurki, gwiwarta na taɓa kujerata, tana auna ni? Ko ba a bayana ba, a bayan abokaina, su riƙa cewa surukar Shehu ce ta rubuta su. Babu mutunci a ciki, gare ni ko gare ta. In an ɗaura, ta ajiye aikin. Ba abin da za ta nema ta rasa."

Abin haushin shi ne, ban ji ƙiyayya a muryarsa ba. Da gaske yake, kunya yake ji, irin wadda aka raine mu da ita duka. Da mugu ne da na fi samun sauƙi.

Baffa Yahuza ya ce, "Ai wannan ba abin ja ba ne."

Sai muryar Baba, a sanyaye: "Shi yaron, da saninsa?"

"Abdulbaƙi ɗana ne. Abin da na ce shi ya ce. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Haka ne," in ji Baba. "To a kawo wainar nan tukuna kada ta huce. Ba a yanke magana da yunwa."

Na san babana. Waina ba ta dame shi ba, likita ma ya hana shi saboda suga. Sarari ya ba ni, na tsawon cin faranti ɗaya. Na tsuguna a bayan randa, na rubuta wa Abdulbaƙi.

"Ya ce in bar aiki. Ya ce da yawunka."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Innalillahi. Ki yi haƙuri. Bari a gama yau lafiya, in an ɗaura zan bi shi a hankali."

"A hankali."

"Tayyiba, mutumin nan shi ya raine ni. Ba a shiga maganar manya. In na shiga na kunyata shi a gaban surukai."

Na rubuta masa dogon saƙo. Na sa Talatar nan, da yatsansa a gwiwa, da zancen iska, da rabin titin da muka cinye, da mutum saba'in da ke zaune a bayanmu. Na san in na tura zai shige shi har ƙashi. Yatsana yana kan wurin turawa, sai na tuna bai taɓa tambayata ba. Da amana ya yi kuskurensa a gabana. In na mai da shi bulala yau, to ni ce na fara kashe tsarin Anti, a bayan randa. Na goge shi tas. Hawaye ya ɓata mini kwalli, na ji haushin wannan ma.

Abin da na tura gajere ne: "Ina son ka, ka sani. Amma in aka tashi daga falon nan a kan wannan magana, zan ce wa Baba a mayar da goron. Ba zan ƙara cewa komai ba. Ina zaune a baya."

Alamar shuɗi biyu ta fito, ya karanta. 

Ina jin ana zuba miyar taushe, ɗaya dattijon yana yabon yajin. Na kama ƙirga, don sana'ata ce: minti ɗaya, biyu, huɗu. Baffa ya fara cewa, "To alhamdulillahi, sai a sa albarka..." Sai na ji an rufe ƙofar mota a waje.

Sai ga sallamar Abdulbaƙi, har sau biyu. Na miƙe na manna ido a gefen labulen tagar. Ya cire takalmi, ya shigo a sunkuye, shaddarsa ruwan toka ta jiƙe da gumi ta baya, ya durƙusa a tsakiyar kafet. Dattawan suka tsaya da loma a hannu.

"Kai kuma fa?" in ji Kyaftin. "Wa ya kira ka?"

"Ba wanda ya kira ni, Baba."

Yatsan nan ya fara dukan gwiwa. Na ce a raina, shi ke nan, yanzu za mu ji labarin iska. Sai ya dafe yatsan da ɗaya hannun, ya ɗago ya kalli Kyaftin a ido.

"Baba, ku gafarce ni. Ban yarda da maganar ajiye aikin ba. Wata biyar ke nan da na yi mata alkawarin za ta ci gaba, laifina ne da ban faɗa maka ba, kunyarka nake ji. Kuma aikin nata ba tozarta mu yake yi ba. Akwai ranar da ya kamata in yi magana a sama, ban yi ba. Kai ma ka san ranar. Ba na so in ƙara."

 Ɗaya dattijon ya ce, "Yaran zamani," ya ajiye lomarsa. Baffa Yahuza ya kama duban silin.

 Da Kyaftin ya yi magana, muryarsa ta sauka. "Shekara ashirin da uku yaron nan yana hannuna bai taɓa ce mini a'a ba. Sai yau, a gidan mutane. Kuma wa ya kai masa maganar da aka yi a ɗakin nan?"

"Randunan gidan nan suna da kunne," in ji Baba, "tun ina saurayi."

Na sulale ƙasa na rufe fuska da mayafi, amma kunnena na nan.

Baba ya ci gaba: "Kyaftin, maganarka ta rimi gaskiya ce. Sai dai ni da na tsufa a bencin baya, na ga ranakun da yaro ne yake zaune ta wajen taga. Jiya ina ta neman wanda zai gaya mini halin yaron nan, yau na gani da idona, kuma na san wanda nake so in ba 'yata. Amma ɗanka ne, ba zan karɓe shi ta bayanka ba. Goron nan ba za a kwance shi ba sai ka dawo da bakinka."

Kyaftin ya miƙe, ya saɓa babbar rigarsa, ya yi sallama a taƙaice. A bakin ƙofa ya ce da Abdulbaƙi, ba tare da ya kalle shi ba, "Tashi ka tuƙa."

Kafin ƙarar motar ta ɓace Gwaggo ta same ni a lungun randa. "Kin kyauta. Miji ya zo har gida da ƙafarsa, kin kore shi da waya. Sai ki auri jirgin." Ta kwashe dubulan ɗinta kwalla biyu ta kai ɗaki ta kulle, ta ce ba za a ci mata a banza ba. Umma kuwa sai ta zuba mini waina biyar ta ƙara mini man shanu.

Ban tura masa saƙo ba, don yana tuƙi, kuma ni ma'aikaciyar kiyaye haɗurra ce ko a cikin tashin hankali. Na zauna a rumfa ina kallon wayar. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Na sa maraya ya ja da mutumin da ya zame masa uba, kuma in abin ya ɓaci shi zai fi ni asara.

Bayan la'asar nasa saƙon ya shigo: "Mun iso. Bai ce mini uffan ba har gida. Da zai fita ya ce in ba shi lambarki."

"Ka ba shi?"

"Na ba shi. "

"Na ga ƙeyarka ta taga. Ba ta taɓa yi mini kyau kamar yau ba."

Ana shirin kiran magariba wata baƙuwar lamba ta turo saƙo, babu sallama, babu tambayar lafiya.

"Shehu ne. Litinin ina da jirgin ƙarfe bakwai na safe, da wani mataimakin, ba ɗana ba. Na gaya wa shugabarku na buɗe kujerar baya, kuma ke nake so. Abin da kika gani ki rubuta shi yadda yake, ni zan karanta da kaina. In kin sassauta don kunyata, to maganata ta fito, ki ajiye aikin. In kin iya, sai mu yi maganar goro."

Ban gama karantawa ba na Anti ya biyo baya: "Wannan tafiyar ba ta cikin tsari, ba za ta shiga cikin sauran ba. Amma shekara guda nake roƙon mutumin nan ya buɗe kujerar. Ki je."

Na kai wa Baba wayar. Ya sa tabarau ya karanta sau biyu, ya tashi ya buɗe tsohuwar jakarsa ta sufeto, ya ɗauko wani jan fensir da ya ci rabi ya miƙo mini.

"In kin shiga ki gaishe shi da ladabi, ki rusuna har ƙasa," ya ce. "Sannan ki zauna ki rubuta."

Huhun goron yana nan a kusurwar falo a ɗaure. Umma ta yayyafa masa ruwa don kada ya bushe kafin Litinin.